Ranar da Ɗan Sannu Bai Datse Kiɗa Ba

Ranar zafi ake yi irin mai toshe numfashi. Hadari ya haɗu tun hantsi ya tsaya cak, bai zubo ba bai kuma watse ba. A zauren taron rufin kwano ya ɗau zafi, fankokin sama suna juyawa kamar an tilasta musu.

A kusurwa, bayan wani tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da guntun katako, Ɗan Sannu ke tsaye da kayansa. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi, sa wa mutane kiɗa a wurin biki. Faifai ɗaya a dama, ɗaya a hagu, akwati mai maɓallai a tsakiya, abin ji maƙale a kunne guda.

Sunan ma a wurin aikin ya samo shi. Sauran masu sa kiɗa, in za su tashi daga waƙa mai zafi zuwa mai sanyi, sai su datse wannan su saki waccan, a bar mutane da ƙafa a sama suna kallon juna. Shi ba ya haka. Da farko yakan rage bugun babbar ganga kaɗan-kaɗan, har ƙirjin masu rawa ya daina amsawa. Sai ya ɗora babban yatsa a gefen faifan ya ɗan danne, juyin ya yi nauyi ba wanda ya lura. Daga nan ya sako wata waƙa matsakaiciya, wadda yake kira gada. A ƙarƙashinta mai sanyin za ta fara shigowa ƙasa-ƙasa, kuma yakan zaɓi wadda bugunta ɗaya zai faɗa daidai kan bugu biyu na mai saurin. Kafin ka ankara kana rangaji, ba ka san lokacin da ka bar tsalle ba. Ba mai yawan magana ba ne, amma da abu ɗaya yake bugun ƙirji: bai taɓa datse waƙa a tsakiya ba.

Bikin ranar na 'yar wansa ne. Wan direban babbar mota ne, mutum mai jiki da yawan dariya, wanda ya riƙe Ɗan Sannu bayan rasuwar mahaifinsu, shi ne ma ya saya masa lasifikarsa ta farko. Likita ya riga ya faɗa wa wan cewa zuciyarsa ba ta son wahala. Sai dai kowa ya san halinsa: muddin kiɗa na da zafi ba ya barin fili. Cewa yake sai dai kiɗan ya gaji ya bar shi.

Ana tsakiyar waƙa mai wuta matar wan ta ratso mutane ta dafa teburin.

"Ƙaramin miji, sauke mana kiɗan nan. Dubi yayanka."

"Haba matarmu, haushi kike ji don ya fi ki iya rawa?"

"Ba wasa nake ba. Leɓensa ya yi fari. Na yi masa magana ya ce in matsa in ba shi wuri. Ka san ba zai zauna ba sai kiɗan ya zauna."

Ɗan Sannu ya leƙa. Rigar wan ta jiƙe sharkaf ta manne da bayansa, yana haki yana dariya, ya ɗago hannu yana kira, "Ƙane, ƙara wuta!"

"To, yanzun nan. Bari in kai gaɓa."

"Wace gaɓa kuma? Kashe kawai!"

"A bikin 'yata a ce na datse kiɗa? Yi haƙuri, sauko da shi zan yi a hankali."

Ya rage gangar. Ya ɗora yatsa a gefen faifan. Ya sako gada, ya tsaya yana jiran inda bugun zai haɗu, idonsa a kan hannunsa. Waɗanda suka san aikin sun ce ba su taɓa jin ya sauke kiɗa da kyau kamar ranar ba. Muryar mai sanyin ta fara fitowa ke nan, sai wan ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ya dafa ƙasa. Mutane suka zaci salon rawa ne. Aka yi ta tafi ana shewa, har wani ya durƙusa yana kwaikwayonsa. Matarsa ce kaɗai ta kurma ihu.

Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya ɗora wa Ɗan Sannu laifi. Likita ya ce ko a kan kujera yake abin zai iya zuwa. Matar wan ma ba ta taɓa tayar da maganar ba; tana gaishe shi, tana aiko masa da abinci, sai dai wasan da ke tsakaninsu ya mutu. Shi kuwa waƙar gadar nan ta zauna masa a kunne. Ko yana tafiya a titi yakan ji ta daga farko, yana lissafa wuraren da ya kamata ya danna maɓallin kashewa.

Bayan wani lokaci ya koma aiki, amma ido ya bar faifai ya koma fili. Da ya hango mutum mai jiki yana zufa, sai hannunsa ya riga shi, ya datse kiɗan ɗif. Samari su juyo suna ihu, "Baba, wuta aka ɗauke ko barci kake?" Ya ce su yi haƙuri, ya sake sawa, can kuma ya sake datsewa. Sannu a hankali aka daina kiransa.

Yanzu yana wani ɗan shago a bayan tashar mota, yana gyaran rediyo da lasifika. In ya gama gyara, da tashar labarai yake gwadawa.