Ƙaramar Kwalbar Mai Batir

Duk wandon da Mai Batir ya mallaka a duniya yana da huji, kuma sana'a ce ta jawo. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗura wa batiran mota ruwa yana yi musu caji, dole ruwan ya fallatsar masa. Shi kuwa ruwan batir munafuki ne. Lokacin da ya ɗiga a tufa ba ka ganin komai, sai an wanke an shanya, sannan ka ga ƙananan huji sun jeru, bakinsu ja-ja kamar an ɗosa musu garwashi. Matarsa ce mai wankin, ita ce kuma mai facin. Tun suna sababbin aure take zama bakin ƙofa da gwangwanin zare da allura, tana toshe hujin tana mita.

"Wai kai Malam, batir kake ɗura wa ruwan nan ko wando? Ko kuwa ɓeraye ka ajiye a shagon kana ciyar da su da tufa?"

Shi sai ya ce, "An kunna Rediyo."

Sunan da ya sa mata ke nan, kuma ya bi ta har wajen 'ya'yanta. Mace ce mai magana, mai dariya da dukan bakinta, ga wushirya. Tana wanki tana ba da labari, tana girki tana kwaikwayon muryar maƙwabta, in ba kowa a gidan ta yi hira da kaji. Shi miskili ne, maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, amma in ya dawo daga aiki ya tarar gidan shiru, sai ya ji kamar ba gidansa ya shigo ba.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, a layin makanikai. Batira jere a kan katako, wayoyi ja da baƙi sun sarƙe, ga wani wari mai ƙaiƙayin maƙogwaro. Simintin ƙasa duk ya zaizaye, bango ya yi fari-fari. A can saman kanta, bayan gwangwanin giris, akwai wata ƙaramar kwalba mai ruwan ƙasa. Saboda ita rabin layin ba sa ce masa Mai Batir, sai dai Likita.

Asalin abin daga maigidan da ya koya masa aiki ne. Yana saurayi haƙori ya taɓa hana shi sakat, maigidan ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma cikin batir, ya ɗosa masa a kogon haƙorin. Ya ga wuta a idonsa, ya yi tsalle ya buge kai da kanta, amma kafin la'asar ciwo ya ɗauke ɗif. Daga baya haƙorin ya yi ta marmashewa yana tofar da shi gutsure-gutsure. Wannan bai sa shi a lissafi ba, ɗaukewar ciwon kawai ya riƙe.

Da ya buɗe nasa shagon sai ya ƙara dabara. Ya lura mutane ba sa son buɗe baki ga ruwan batir, amma suna buɗe wa magani. Sai ya samo kwalbar nan, ya ɗura ruwan, ya jefa kanumfari a ciki don ƙamshi. In an tambaye shi ya ce, "Haɗi ne." Direbobi, masu walda, masu facin taya, har matan da ke sayar da abinci a bakin layin, duk wanda ka gani dafe da kunci, shagon ya nufa. Bai taɓa karɓar komai a kai ba. Abin da yake so shi ne mutum ya shigo yana hawaye ya fita yana sa masa albarka. Waɗanda fuskarsu ta haye bayan kwana biyu ba sa dawowa, asibiti ake wucewa da su ko ƙauye, shi kuma duk wanda bai dawo ba a wurinsa ya warke. Abin haushin shi ne mutumin ba mugu ba ne. Da mugu ne da tuni wani ya ci kwalarsa an huta.

Abu ɗaya dai, kwalbar ba ta taɓa zuwa gidansa ba. In haƙorin yaro ya yi ciwo sai ya ce a ba shi ruwan gishiri mai ɗumi ya kurkure, ai yaro ne, haɗin ya fi ƙarfinsa. Bai taɓa zama ya tambayi kansa dalili ba.

Sun manyanta, yara sun watse sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe mai koyarwa a makaranta, lokacin da matauni ɗaya na ƙasa ya fara damun Rediyo. Ta daɗe tana tauna da ɓangare guda ba ta faɗa ba. Da ruwan sanyi ya fara sa ta riƙe kai, Auta ta ce gobe sai wurin likitan haƙori.

"Ba inda za ni," in ji uwar. "In je a danne ni a kujera a sa mini filaya a baki? Ga likita a gida?"

Da ya dawo ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya ce ta bi maganar Auta. Ta dube shi da ido jajir, hannu a kunci.

"Malam, duk gari kana yi wa magani. Matar mai walda har gida ta zo yi mini godiya. Ni ce ban kai ba?"

Amsar gaskiya sai ta rushe Likita gaba ɗaya. Washegari ya sako kwalbar a aljihu. Ya zaunar da ita a tsakar gida inda haske yake, ta buɗe baki ta rufe ido, babu ko ɗar a ranta. Audugar ta jiƙe fiye da kima, ta zame ta kwanta a kan dasashi. Matar ta ƙanƙame gwiwarsa ba ta yi ƙara ba. Zuwa yamma ciwo ya tafi, Rediyo ta kama tasha, har maƙwabta sai da suka ji cewa mijinta ya fi asibiti. Da ciwon ya leƙo bayan 'yan kwanaki ta sa ya ƙara mata, ya kuma ƙara.

Daga nan sai wari, irin wanda buroshi ba ya kaiwa gare shi. Dasashin ya yi fari, ya koma toka-toka. Kunci ya kumbura ya gangaro wuya, zazzaɓi ya rufe ta, baki ya ƙi buɗuwa sai dai a zura cokali da ƙyar. Auta ba ta nemi shawarar kowa ba, ta kira mota.

Likitar da ta duba ta mace ce mai sanyin murya. Ta haska fitila ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, me aka sa a wurin nan?"

Mai Batir na tsaye a bayan kujera. Rediyo ta yi magana ta tsakanin haƙora. "Wani magani ne na saya a mota, wajen masu talla." Ba ta ko kalli inda yake ba. A ganinta tana kare asirin haɗin mijinta ne daga masu hassada.

Bayan an ɗauki hoton ƙashi likitar ta kira shi waje shi kaɗai. Ta ɗaga hoton ta nuna masa wani wuri baƙi a muƙamuƙi. Sannan ta dubi yatsunsa da suka zaizaye, ta dubi facin wandonsa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

Ya faɗa mata. Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Ɗaukewar ciwo ba warkewa ba ce, Baba," ta ce. "Jijiyar haƙorin ce ta mutu, ruɓar kuma ta ci gaba da gangarawa ba mai jin ta. Abin da aka sa ya ƙone naman, ƙashin ya rasa abin da zai rufe shi, shi ma ya mutu. Da tun farko ta zo, cikewa za mu yi ko mu cire, ta koma gida ta ci abincin rana. Yanzu sai mun yanke inda ya mutu. Kai za ka gaya mata, ko ni?"

Ya ce shi zai gaya mata, in ta samu sauƙi.

Aka yi tiyata. Aka cire haƙoran ɓangaren, aka yanke wani yanki na muƙamuƙi aka sa ƙarfe. Ta rayu, kowa ya ce a gode wa Allah, aka gode. Amma matar da ta dawo gida bakinta ya karkace, leɓen ƙasa ba ya jin komai, in ta sha shayi sai ya zubo ba ta sani ba. Magana takan fito a dunƙule, sai an ce "me kika ce?" sau biyu, ita kuwa mai zuciya ce, ta gwammace ta yi shiru. In baƙi sun zo ta ja gefen gyale ta rufe. Ranar da jikarta ta gan ta ta fashe da kuka ta ɓuya bayan uwarta, Rediyo ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai da suka tafi.

Ta samu sauƙi, bai gaya mata ba. Kullum ya shirya maganar a hanya, in ya shigo ya tarar ta tanadar masa ruwan wanka, sai ya fasa. Abin da ya fi ci masa rai, asibitin take zargi.

"Ka gani ko, Malam? Naka ya kwantar da ciwo lafiya lau. Su ne suka yanka ni."

Ya ce, "Sai haƙuri." Ya san abin da ya rage masa a duniya shi ne yardar matar nan, ya kuma san a kan ƙarya take zaune.

A shago ya daina. Masu dafe da kunci suka yi ta zuwa yana cewa kayan haɗin sun ƙare, su je asibiti. Wasu suka ce rowa ce ta kama shi da tsufa. Kwalbar kuwa ya neme ta sama da ƙasa don ya zubar, bai gan ta ba, ya ɗauka ta faɗi a rikicin tafiya asibiti.

Ana nan sai wani haƙorin ya motsa, a ɓangaren da ya rage mata na tauna. Wata ranar hutu da hantsi yana zaune a tsakar gida, ta fito da gwangwanin ɗinkinta, ta tona ƙarƙashin zare, ta ciro kwalbar.

"Na ɓoye maka ita, kada Auta ta kai musu. Ɗan ɗiga mini kaɗan."

Ya miƙe tsaye. "Ba ni nan."

"Ka yi mini tukuna."

"Na ce ki ba ni!"

Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ya kai hannu, ta janye, murfin ya fita, ruwan ya fantsama a gefen zaninta. Ya fizge kwalbar ya tuttule sauran a magudana, yana cewa ta je ta canza zani yanzu-yanzu. Ta tashi tana kuka marar sauti, ta ce ashe har ya gaji da ita, ya fi son a ƙarasa yanka ta. Ta canza zanin ta jefa cikin kayan wanki.

Washegari Auta ta lallaɓa ta zuwa asibiti. Aka yi mata allura a dasashi, aka goge kogon aka cike. Kafin azahar sun dawo, tana ta taɓa kunci tana mamaki, wai ko zafi ba ta ji ba. Da ƙarfinta ta ɗebi ruwa ta hau wanki.

Da yamma ya dawo ya same ta zaune a bakin ƙofa, inda ta saba zaman faci. Zanin jiya na kan cinyarta, ya bushe. A gefensa ta shimfiɗa wandonsa ɗaya. Ta ɗaga zanin saitin hasken rana, haske ya ɓullo ta ƙananan huji a jere, bakinsu ja-ja. Duk duniya ba wanda ya kai ta sanin wannan hujin. Ta zura ɗan yatsa a ɗaya, ta zura a na wandon.

"Malam," ta ce, kuma wannan karon bai buƙaci ta maimaita ba. "Wannan ka sa mini a baki?"

Ya tsaya riƙe da takalmi ɗaya a hannu. Ya ce, "Ban ɗauka zai kai haka ba."

"Shi ya sa ba ka taɓa sa wa yara ba," ta ce. "Ashe ka sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta gaya wa Auta ba, ba ta bar gidan ba. Ta ninke zanin ta sa a ƙasan akwati, ta rufe gwangwanin zare ta ɗora a saman kabad. Har yau ita ke dafa masa abinci, ita ke wanke masa kaya, in ya yi sallama ta amsa.

Mai Batir yana nan a lungunsa ƙarƙashin matakala, ya tsufa, ba mai ce masa Likita kuma. Makanikai kan tsokane shi, su ce tsoho, iska ce kake sha ta wandon nan? Ya yi murmushi ya ci gaba da goge kan batir. In ka lura da kyau za ka ga tsofaffin hujin duk a toshe suke da ɗinki ƙanana mai kyau, sababbin kuwa a buɗe.