Ranar da Rabo Ya Bar Gayyarsa

Duk wanda ya san Rabo shekara goma da suka wuce, in ka ce masa wata rana natsuwa za ta gagari mutumin nan, dariya zai yi maka. Rabo fa shi ne wanda ya taɓa sharar barci a kan amalanken shanu tun daga gona har ƙofar gida, shanun suka tsaya da kansu, sai da matarsa Hamida ta fito ta tashe shi. Manomi ne a wani ƙauye da ke gefen Damari, ƙasar Sabuwa, gajere, mai faɗin kafaɗa. Bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba, amma in maganar ƙasa ce da iri, ba a ja da shi. Yana da 'ya'ya biyar, bijimai biyu na huɗa, da gona uku. Biyu suna bayan gari, ɗaya kuma can cikin daji, tafiyar sa'a guda a ƙafa. Ta dajin ita ke ci da gidan.

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa gayya ce. Tun yana saurayi ba a taɓa kiran gayya aka nemi Rabo aka rasa ba, ko ta noma ce, ko ta girbi, ko ta rufin ɗaki. Shi ke fara isa, kuma ba ya jin kunyar cin tuwon mai gona har ya nemi ƙari. Saboda haka in shi ya kira tasa, gari ke watsewa a tafi.

Da mutanen daji suka addabi ƙasar, gayya ta tashi daga abin nishaɗi ta zama dole. Ba mai hankalin da zai tafi gonar daji shi kaɗai. Sai a taru mutum talatin ko arba'in, a shiga da hantsi, a gama a fito kafin la'asar. Kiɗan gangar da ake yi wa manoma a da aka daina shi, don kada a kira wa kai wanda ba a gayyata ba. Mutumin da ya kira gayya aka ƙi amsa masa, to ya yi ban kwana da amfanin gonarsa, ya bar wa birai da gara.

A irin wannan zamani waya ta shigo hannun Rabo. An tare wani maƙwabcinsa a hanyar kasuwa aka yi daji da shi, daga baya aka ji ashe mutanen ƙauyen da ke gaba sun san hanyar ba kyau tun da safe, a waya suka ji. Abin ya tsaya wa Rabo a rai. Ƙanensa Mas'udu, mai facin taya a Funtuwa, ya zo jaje, ya zaro wata babbar waya mai tsagaggen gilashi ya miƙa masa.

“Yaya, riƙe wagga. Na sa ka cikin guruf na 'yan yankinmu. Ba sai ka iya karatu ba, saƙon murya ne, ka latsa nan ka saurara. Komi ake ciki za ka ji.”

Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma da farko wayar ta yi rana. Sau biyu Rabo yana hana mutane bin hanyar da ta ɓaci, har limamin gari ya sa masa albarka bayan sallar Juma'a. Daga nan fa Rabo ya ɗauka tsaron garin a aljihunsa yake. Guruf ɗaya ya zama uku, uku suka zama bakwai: na Sabuwa, na Faskari, na Ƙanƙara, har da na wasu garuruwan da bai taɓa takawa ba. Kowane kuwa ba ya hutawa. Wannan ya turo murya yana haki, wancan ya turo hoton gawa ba ko mayafi, wani ya turo bidiyon mata suna kururuwa, ba sunan gari ba ranar da abin ya faru. Akwai mutanen da Allah ya jarabce su da son su riga kowa ba da mugun labari, suna zaune a inuwa suna shan shayi suna turawa, ba ruwansu da cikin wanda zai ɗuri ruwa. Rabo kuma bai san ana wuce saƙo ba. Duk wanda ya shigo sai ya ji shi, duk bidiyo sai ya kalla, don gani yake wanda ya tsallake shi ne mai ɗauke da sunan ƙauyensu.

Cikin shekara guda mutum ya canza. Yana cin tuwo da hannun dama, hagu na riƙe da waya a kunne. In yana huɗa, kunya biyu uku sai ya tsayar da shanu ya duba, har kunyoyin Rabo, da ake kawo yara su gani su koya, suka fara karkacewa. Gabansa ya riƙa faɗuwa ba dalili. Ƙarar babur daga nesa ta isa ta sa ya miƙe tsaye. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, wando ya daina zama a ƙugunsa sai da igiya. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba ya koma in an yar da kwano sai ya hau faɗa kamar an zage shi. Hamida ta karɓo rubutu, ya sha. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba da farin magani, ya sha. Ba wanda ya ce wayar ce sai Hamida, ita kuma da ta faɗa ya kwana biyu bai yi mata magana ba.

Shekarar da aka yanke sabis a yankin, kowa ya koka, Rabo ya fi kowa. Mako biyu yana hawa tudu yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Da ya gaji ya jefa ta cikin kwalla. Abin mamaki, kafin wata biyu kumatunsa suka ciko, aka sake jin dariyarsa a dandali. Ba wai ƙasar ta yi lafiya ba ne, tsoro yana nan, amma tsoron ƙauyensu kaɗai yake ɗauke da shi, ba na garuruwa hamsin ba. Ranar da sabis ya dawo Hamida tana tankaɗe ta ji kwalla tana kuka, saƙonni suna shigowa ba ƙaƙƙautawa. Ta ajiye rariya ta zauna.

Haka aka yi ta tafiya har kakar bara. Masarar gonar daji ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi ba, Rabo ya kira gayyar karya ta. Mutum talatin da biyu suka amsa, har da Baba Gide, dattijon da ya haura saba'in, abokin marigayi mahaifinsa. Shi ba karya yake yi ba, zama yake a gindin ɗorawa yana ɓare masara yana ba matasa labari. An ci rabin gona ke nan, rana ta fara zafi, wayar ta motsa a aljihun Rabo. Ya kara a kunne. Wata murya ce tana rawa: ga su nan sun fito, babura sun fi hamsin, sun nufo gonaki, kowa ya yi ta kansa. Rabo bai tsaya jin ƙarshe ba.

“Ga su nan! Ku gudu! Ga su nan tahe!”

Gona ta hargitse. Aka watsar da buhuna, aka bar takalma, wani ya haye babur ɗin da ba nasa ba. Baba Gide ya yunƙura zai bi sahu, ƙafarsa ta harɗe da karan masara, ya faɗi a kan hannunsa, ƙashi ya ce ƙaras. A kafaɗa aka kawo shi gari. Mata suka kwashi yara suka yi cikin dawa, aka wuni ana zullumi, ba babur ba ƙurarsa.

Da yamma Shamsu, tobashin Rabo, wanda kullum tsokana ce tsakaninsu, ya karɓi wayar a ƙofar masallaci ya sa saƙon a fili, kowa na ji, har ƙarshe. Bayan babura hamsin ɗin mai maganar ya ci gaba: a taimaka musu da addu'a, su mutanen wajen 'Yargoje ne, ga shi ana cikin azumin nan. Azumi kuwa ya wuce da wata shida, 'Yargoje kuma tana can ƙasar Ƙanƙara. Wani mara aikin yi ne ya tono tsohon saƙo ya sake turawa. Ranar Shamsu bai yi tsokana ba. Miƙa masa wayar kawai ya yi ya juya.

Rabo ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Rabin masararsa na tsaye a daji, birai sun gano ta. Bayan kwana huɗu ya daure ya bi gida-gida kiran gayya ta biyu. Wannan ya ce yana da suna, wancan ya ce bayansa ke ciwo. Mutanen da ya yi wa aiki shekara ashirin suka riƙa kallon ƙasa suna ba shi uzuri. A ƙarshe ya tafi wurin Baba Gide, ya same shi a zaure, hannu ɗaure da karan ɗori, ya durƙusa a gabansa.

“Tashi, ɗan nan,” in ji dattijon. “Hannu shina ɗoruwa. Ni zan kira maka mutane da bakina, kuma da ni za a tahi. Amma abin ga na aljihunka, gida za ka bar shi wurin iyalinka. Ka kuma san al'ada: mai gayya shi ne ƙarshen fita gona. In ka riƙe wannan, an wuce wurin. In ka kasa, kada ka ƙara tsayawa ƙofar kowa.”

“Na yarda, Baba. Wallahi na yarda.”

Ranar Laraba da safe ya miƙa wa Hamida wayar. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, “Allah shi ba da sa'a, Malam,” ta kai ɗaki. Mutum ashirin da shida suka fito, albarkacin Baba Gide.

Sa'ar farko lafiya lau. Rabo ya shiga gaba yana karya kamar Rabon da, har Shamsu ya ce a kama shi kada ya haɗa da gonar maƙwabci. Can sai ya ji cinyarsa ta yi zirr, daidai inda aljihu yake. Ya kai hannu, ba komai. Ya ci gaba. Ta sake yi. Sai tunani ya taso masa: in yau ne na gaskiyar fa? In yanzu haka wani yana can yana faɗa, ana kiran sunan dajin nan, mutum ashirin da shida suna duƙe ba wanda ya sani? Ya dubi bakin daji. Ganye ne kawai ke motsi. Ya karya masara uku, ya sake duba. Zufa ta karyo masa, ba ta aiki ba, ƙirjinsa ya riƙa bugawa har cikin kunne. Ya yi salati, ya yi istigfari, ya ce wa kansa saura kaɗan, kunya goma sha biyu ce ta rage. Ya san sarai abin da zai rasa in ya tafi. Ƙafafunsa dai ba su saurare shi ba.

Ya ce zai zaga. Ya shiga bayan wata sabara, daga nan ya miƙe hanya, da sauri, sannan da gudu.

Hamida na tsakar gida tana dama furar 'yan gayya ta gan shi ya faɗo, ba hula, yana haki.

“Malam! Lahiya? Ina mutanen?”

“Ba ni ita.”

“Malam, ka tuna abin da ka ce ma Baba Gide. Don girman Allah ka koma, ba wanda ya sani tukuna.”

“Na ce ki ba ni!”

Ta ɗauko ta ba shi tana hawaye. Ya zauna a dakalin ƙofar gida ya fara latsawa. Saƙo arba'in da ɗaya. Gaisuwar safiya. Wa'azi. Cigiyar akuya. Wani na tallar taki. Gardama a kan ƙwallo. Tsohon bidiyon da ya riga ya gani sau uku. Ba ko ɗaya da ya ambaci dajinsu. Ya kamata ya tashi ya koma, ya sani, amma kafin ya gama waɗannan wasu sun shigo, ya ce bari ya ji su tukuna.

A nan la'asar ta same shi. Amalanke uku suka shigo layin a jere, shaƙe da masara, mutane na biye. Suka sauke buhunan a ƙofar gidansa, suka jera su tsaf. Hamida ta turo ƙwaryar fura, ba wanda ya kalle ta. Ɗaya bayan ɗaya suka karkaɗe riguna suka wuce, Shamsu ma bai dube shi ba. Baba Gide kaɗai ya rage, tsaye, hannu rataye a wuya.

“Ga masararka nan, Rabo. Ba mu bar ko ɗaya ba.”

Rabo ya zame daga dakali ya durƙusa. Kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, mara daɗin ji. Ya miƙa wayar da hannu biyu.

“Baba, karɓe ta. Ka jefa ta rijiya, ka yi yadda ka so. Ba ni da lahiya, Baba. Ban san mi ya same ni ba.”

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, fushin da ya zo da shi ya sauka, tausayi ya maye wurin. Ya sa hannunsa mai lafiya ya karɓa. Bai kai ga sa ta aljihu ba ta yi zirr a tafinsa, gilashin ya kawo haske.

Rabo ya ɗago kai, hawaye na bin gemunsa, hannunsa ya riga ya miƙe.

“Baba, don Allah,” ya ce. “Bari in ji wannan ɗaya kawai.”