Fitilun da na ƙara wa gishiri

Shekarun baya na tafka wata wauta wadda har yau in na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya har gwiwa. Ba wautar ƙuruciya ba ce, da furfurata na yi ta, jikoki na wasa a tsakar gida. Ku da kuke bin shirmen da nake rubutawa a nan kun san ni da baki. Shekara biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, mushe malaminmu ya ce in koma in taya babana noma, hakan ya fi wa kowa sauƙi. To ku yi haƙuri da rubutun, ku ji maganar.

A ƙauyenmu, can gefen Dogo, abu ɗaya aka san gidanmu da shi, ido. Mahaifina shi ne mai duban wata. Akwai wani dutse yamma da gari, bayan rijiya. Duk ranar ashirin da tara ga wata yakan hau shi kafin magariba, ni ina biye da buta. Shi ya koya mini inda ake ajiye ido. Ya ce kada in kalli inda rana ta faɗi, in auna yatsu huɗu sama da kan gawon da ke gonar liman, kuma kada in ƙura, in bar ido ya huta, watan da kansa zai zo. Da ya rasu sai na gaji dutsen.

Ba ni da karatu, ba ni da shanu, gonata ma rabinta tsakuwa ce. A fada, inda muke shan shayi, ni ne mai tsokana kuma ni ne abin tsokana. Amma sau biyu a shekara, daren kama azumi da daren Sallah, in na sauko daga dutsen nan har liman miƙewa yake ya tarye ni. In na ce na gani, abokina da muke hawa tare ya ce shi ma ya gani, sai bulama, mai garinmu, ya buga waya Mirriya, daga can a kai maganar Zinder. Ko ni kaɗai na gani akan kira, ko za a haɗa da shaidar wani gari. Abokin nan nawa idonsa ya fara rauni tun tuni, sai na nuna masa da yatsa yake samu, amma ba ya cewa ya gani sai ya gani. Wannan shi ne duk mutuncin da na mallaka a duniya, kuma ban san nauyinsa ba.

Wata shekara da kaka, an gama ɗaurin gero, na hau dutsen ni kaɗai, abokina ya tafi bikin suna Zermu. Wata bai fito ba. Na yi magariba a can sama, na ɗan zauna ina shan iska har duhu ya fara shiga. Ina shirin sauka sai na ga fitilu sun taso daga yamma. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. A jere suke, ɗaya na bin ɗaya kamar ayarin raƙuma, tazararsu daidai, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Na san jirgi, na san tauraro mai wutsiya, na san wanda ke faɗuwa. Wannan ba ko ɗaya. Na fara ƙirga su na ɓace. Suka ratsa ta saman kaina a natse, suka shige gabas suka dushe ɗaya bayan ɗaya. Na tsinci kaina a tsaye, hula a hannu, ina ta salati.

Wallahi iyakar abin da na gani ke nan. Ku riƙe wannan, don daga nan ƙarya za ta fara.

Na iso fada ina haki na ba da labari yadda yake. Mai dafa mana shayi ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Jirgi ne, Baba." Wani ya ce, "Ko ka sha furar da ta kwana?" Aka koma hirar farashin wake. Ni da na ga abin da ubana bai taɓa gani ba a kan dutsen nan, an bar ni da baki buɗe saboda wake! Abin ya ci mini rai. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ba wucewa kawai suka yi ba. Na ƙarshen ya tsaya a kan kukar bayan dutse." Nan fa aka ajiye kofuna.

Washegari, a labarin nawa, na ƙarshen ya sauko ƙasa, yana gurnani kamar injin niƙa. Ranar kasuwar Mirriya kuwa, a rumfar mai tsire, ƙofa ta buɗe a jikinsa, mutane uku suka fito, gajeru, kawunansu kamar tulu. Na ce ɗaya ya zari zangarniyar gero daga dami, ya sunsuna, ya mayar, da alama a garinsu dawa suke ci. Aka yi ta dariya ana salati. Mai tsire ya ba ni tsinke biyu kyauta. Wani matashi ya kara mini waya a baki ya ce, "Baba, maimaita wajen sunsunawar nan." Na maimaita, har na ƙara musu takalma.

Kafin mako ya zagayo muryata ta riga ni zuwa ko'ina. A motar Zinder na ji kaina ina magana daga aljihun wani, direba na cewa tsohon nan ba ya ƙarya, an san gidansu da ganin wata. Na lafe a bayan mota ina jin daɗi, kun ji wauta. A gari kuwa mata suka daina zuwa rijiya in rana ta yi sanyi. Maƙwabcina ya bar dammansa a gonar bayan dutse ya ƙi kwasowa, har awaki suka yi masa ɓarna. Matata ta ce, "Malam, abin nan ya isa haka." Na ce mata ita ba ta san sha'anin sama ba.

Sai ga jandarma biyu a ƙofar bulama, aka aiko in zo. Liman na nan, dattawa na nan, rabin gari ya kewaye. Babbansu mutum ne mai ladabi. Ya gaishe ni, ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, ya ciro bik, wato biro, ya ce, "Baba, ka san halin da ake ciki. In wani abu ya sauka a bayan garinku, dole mu sani. Ka kai mu wurin. In ka tabbatar ya sauka, gobe sojoji za su zo su bincike dajin nan kaf, har gidaje."

Na dubi bulama, na dubi liman. Na tuna tsofaffin garinmu da ko kakin mai gadin lakwal suka gani sai su shige ɗaka. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu abin da ya sauka."

"Mutanen uku fa?"

"Ni na haife su, a rumfar mai tsire."

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "To fitilun?"

Na ce, "Su kam gaskiya ne. Na rantse da Allah na gan su."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Jandarman ya rufe kayensa, ya ce in riƙa jin tausayin mutane, suka hau mota. Ni a lokacin na ɗauka an gama. Na ce kunya ce ta kwana bakwai, na sha wadda ta fi ta. Har na riƙa tsokanar kaina a fada don in riga su.

Azumi ya zo cikin bazara, zafi kamar a bakin murhu. Daren kamawa ba a bukace ni ba, rediyo ta riga ni. Ranar ashirin da tara muka hau dutse ni da abokina, leɓe duk ya bushe. Gajimare ya tokare yamma, irin na farkon hadarin da ba ya ba da ruwa. Na ce yau kam sai dai a cika talatin. Muka sha ruwa da aka kira salla. Ina ajiye buta sai gajimaren ya tsage kaɗan, daidai yatsu huɗu sama da gawon liman. Ga shi nan. Siriri kamar an yanke farce, ƙahonsa na duban kudu.

Na damƙi kafaɗar abokina. "Ga shi! Bi yatsana, kai, bi yatsana!"

Ya bi, ya murza ido, ya sake bi. "Ina? Sama ko ƙasa?"

"Sama da reshen nan mai lanƙwasa!"

Kafin ya samu, gajimare ya haɗe. Muka tsaya har duhu, bai sake buɗewa ba.

Na sauko da gudu, ni da ban yi gudu ba tun auren fari, ina kabbara tun daga rijiya. Na iske liman a ƙofar masallaci da jama'a. Bai miƙe ba. Na lura da wannan tun kafin in yi magana.

"Allah gafarta Malam, na gan shi."

"Kai da wa?"

Abokina ya iso yana numfashi sama-sama. Liman ya dube shi. Abokin nawa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na bi yatsansa, gajimare na gani. Ba zan ce abin da ban gani ba."

Sai wata murya daga sahun baya ta ce, "Baba, mutum nawa ne a cikinsa?" Wani ya ce, "Ya sunsuna gero?" Aka fashe. Liman ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya kira ni gefe, ya rage murya, abin da ya fi dariyar ciwo.

Ya ce, "Ban ce ƙarya kake ba. Amma in bulama ya kira Mirriya, tambayar farko da za a yi ita ce, wane ne mai shaidar, an taɓa kama shi da ƙarya? Muryarka tana cikin wayar kowa har Zinder. Me zan ce musu? Bakin jama'a ne za a buɗe da maganarka, ba hirar fada ba ce."

Na ce, "Malam, shekara nawa ina kawo maka wata?"

Ya ce, "Da yawa. Shi ya sa abin ya dame ni."

"To ni gobe yaya zan yi? Na san Sallah ce."

"Ka kama bakinka tare da mutane."

Ba a kira ba. Aka kasa kunne a rediyo, ba wani gari da ya kawo shaida, aka ce a cika talatin. Na shiga gida na tarar matata ta riga ta sa an yanka zabbin Sallah guda biyu, tana figa. Na ce mata an ƙi karɓa. Ta ci gaba da figa. Na ce, "Ke kin yarda na gani?" Ta ce, "Na ji saukowarka. In ƙarya za ka yi, a hankali kake tahowa kana shirya ta a hanya." Ta soya su a daren don kada su lalace.

Ban taɓa yin azumi mai tsawon na ranar nan ba. Ba ƙishirwa ba ce, na saba da ita. Ina kwance a zaure ina kallon mutane na wucewa da baki a bushe, tsofaffi, masu ciki, masu aikin rana, ni kaɗai na san yau ranar cin tuwo ce da sabuwar riga, kuma ni na jawo. Tsire tsinke biyu. Da yamma ban hau dutse ba, ba a bukata. Wata ya fito ɗoɗar a sama, mai kauri, har yara na nuna shi, ya daɗe bai faɗi ba. Na ji wata tsohuwa a bayan dangarmu tana cewa, "Wannan ai ɗan kwana biyu ne." Ba wanda ya zo ya ce mini komai. Abokina kaɗai ya shigo, ya zauna, muka sha shayi.

Bayan kamar shekara fitilun suka dawo, ana fitowa daga sallar isha, gari duk a waje. Kowa ya gan su, a jere, shiru, yadda na faɗa da farko. Mushen lakwal ya ce na'urori ne da Turawa ke harbawa sama don waya. Wataƙila haka ne, ni ban sani ba. Aka ce, "Ashe dai Baba ya ga wani abu." Sai dai ba a dawo da ni ba, ni ma ban nema ba. Yanzu ma yanar ido ta fara rufe mini na dama, wasu ne ke hawa dutsen, kuma suna kallon inda rana ta faɗi, ba wanda ya tambaye ni maganar yatsu huɗu.

Ba na jin haushin liman, Allah ya jiƙansa, da ni ne shi haka zan yi. Abin da ke gajiyar da ni shi ne, sau biyu a rayuwata sama ta nuna mini abu ni kaɗai, kuma duka biyun gaskiya ne. Na farkon na lalata shi da bakina, na biyun ya tafi a kansa. Har yau ina tsokana a fada, hali ba ya fita. Amma in na ce wallahi, sai in ga ana murmushi, ni ma sai in taya su.

Daren da fitilun suka dawo, matata na tsaye kusa da ni a ƙofar gida, ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Ta bi su da ido har na ƙarshe ya dushe. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce:

"Malam, wai su waɗannan, yadda Allah ya nuna maka su, ba su ishe ka ba ne?"