Reshen Maɗacin da ya Faɗo a Taron Gidauniyarmu

Shekaru sun goge mini abubuwa da dama, amma ranar da muka ƙaddamar da gidauniyar gyaran gandun itatuwan unguwarmu ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yanzu in hadari ya taso daga gabas, iska ta fara buga ƙofofi, sai in ji zama ya gagare ni.

Gandun yana tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, a bayan wasu gidajen ma'aikata. Tun zamanin Turawa aka kafa shi don gwada irin itatuwan da za su yi a ƙasar Kano. Akwai maɗaci da rimi da ɗorawa da kanya, har da wasu da ba mu san sunansu da Hausa ba. Gari ya zo ya kewaye shi, ta yadda in ka baro hayaniyar 'yan adaidaita ka shiga ciki, sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Ni malamar kimiyyar noma ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma nakan kai ɗalibaina can. Sai dai wurin ba makewayi, ba famfo, ba wurin alwala, ba ko bencin da tsoho zai huta. Da damina kuwa hanyoyin ciki caɓi ne zalla.

Shi ya sa da aka kafa kwamitin gyara aka ce ni ce sakatariya, ban yi gardama ba. Shugabanmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kowa Baba Alhaji yake ce masa. Mai zana mana taswirar ginin kuma wata injiniya ce 'yar Filato da ke zaune a Daurawa, muna kiran ta Madam. Mun sha yawo, daga wannan ofis zuwa wancan neman izini, yau a ce oga ya fita, gobe a ce yana taro. A cikin kwamitin ma ba zaman lafiya: wasu na son wurin wasan yara, wasu na son rumfar biki da za a riƙa bayarwa haya, wasu sun ce ko sisi kada a karɓa a ƙofa. Maigidana har ba'a ya fara yi mini, wai in kwashe kayana in tare a gindin rimi. Daga ƙarshe wani attajiri mai gidajen mai a Babban Giji ya amince ya zama babban mai ƙaddamarwa, sannan na ɗan samu numfashi.

An sa taron wata Asabar bayan la'asar, a farkon damina. Muka kafa rumfuna a ƙarƙashin maɗacin da ya fi kowanne girma, saboda inuwarsa ta fi sanyi. Mahaifiyata ta dage sai ta zo. Ta ce tun tana amarya marigayi babanmu yake kawo ta nan shan iska, don haka ba wanda zai gyara wurin ba ta gani ba. Na sa mata kujera a sahun gaba.

Ana ta jawabai, ni kuwa idona na sama. Gabas ta fara yin baƙi, na kasa tsayawa wuri ɗaya, in leƙa masu raba ruwa, in koma wajen mai lasifika in ce ya gaggauta. Ana dab da miƙa wa attajirin makirufo sai na ga Inna tana yafito ni. Da yake ni ce 'yar fari, ba ta faɗar sunana.

"Ke, zo nan. Ina bayan gidanku?"

Na ce, "Inna, ai shi muka taru mu gina."

Ta ce, "To ni dai ba zan jira ku gina ba."

Raina bai so ba, don a daidai lokacin aka fi bukatata. Haka na kama hannunta muka fita ta ƙofar gandun, muka yi sallama a wani gida da ke kallon wurin, matar gidan ta ba ta buta. Ina tsaye a tsakar gidan ina ƙosawa sai iska ta kece. Kwanukan wanke-wanke suka tarwatse. Sai na ji wata ƙara kamar taransifoma ta fashe, sai ihu, sai salati.

Ban san lokacin da na fita a guje ba. Reshen maɗacin ne ya ɓallo, kaurinsa ya kai duro, ya murƙushe rumfar gaba. Allah ya taimaka mutane sun riga sun fara watsewa da iskar ta taso. Mai ɗaukar hoto ya karye a hannu, Baba Alhaji ya fashe a goshi, amma ba a rasa rai ba. Kujerar Inna kuwa ta zama ɓaraguzai, jakarta na ƙarƙashin itacen. Na tsaya ina kallon jakar nan, ruwa na dukana.

Attajirin ya fito daga motarsa inda ya gudu ya fake, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ɗaga murya ya ce, "A sare manyan nan gaba ɗaya. Ni zan biya masu sara, ni zan yi ginin daga tushe har rufi. Amma ba zan sa dukiyata a inda rai zai salwanta ba."

Jama'a suka ɗauka, "Gaskiya ne, Alhaji!"

Baba Alhaji, yana danne goshinsa da hankici, ya juyo ya ce, "Malama, ke me kika ce?"

Ni da kowa ya sani da kare itatuwan nan, sai kawai na juya na koma wajen Inna.

Makonnin da suka biyo baya ban san natsuwa ba. Zuciya ɗaya ta ce mutumin nan ya yi gaskiya, wace inuwa ce ta kai ran uwa? Ɗayar ta ce in an sare su, me baƙin za su zo gani, makewayi? In na tashi daga makaranta sai in tsinci kaina a gandun, ina zagaye ina ɗaga kai, kowane reshe na gani sai in ga kamar shi ne na gaba. Kwamiti ya rabu biyu, har wasu suka daina gaisawa. Attajirin kuma ya aiko cewa yana jiran amsa kafin ruwa ya zauna.

Wata safiya na kai wa Inna koko, na kasa daurewa na tambaye ta ra'ayinta. Ta kurɓa, ta dube ni ta ce, "Ni ba ni da faɗa da itace. Tsoho in aka daina duba shi ai faɗuwa yake yi. Yadda kike jana asibiti awon jini, su ba su da masu duba su ne?"

Daga nan na zarce gidan Madam. Ta shimfiɗa taswirar a kan tebur, muka bi ta tare. Ga makewayi, ga famfo, ga benci, ga wurin ajiye motoci, amma ba inda aka yi tanadin kula da itatuwan kansu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Malama, mun shirya wa baƙi komai, mun manta da masu gida."

Muka nemo masana gandun daji daga wata kwaleji. Suka zo suka bubbuga gindin kowane itace, suka hau wasu, suka tona saiwar wasu. Suka ce yawancinsu lafiyarsu ƙalau, rage rassa kawai suke bukata duk shekara kafin damina. Amma babban maɗacin, gara ta gama da cikinsa, dole ya tafi. Madam ta sake zane: ta mayar da gine-ginen bakin ƙofa nesa da manyan saiwoyi, ta janye bencina daga ƙarƙashin rassa masu nauyi, muka kuma ware wani kaso na kuɗin shiga don kula da itatuwa.

Da muka kai wa attajirin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, kin tsaya mini cewa wani ba zai sake faɗowa ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban isa ba, wannan sai Allah. Abin da zan tsaya maka shi ne za a riƙa duba su."

Ya ce zai gina makewayi ya haƙa rijiyar burtsatse, sauran mu nema a wani wuri. Ban ji haushinsa ba, domin shi ma abin da ya gani ne ya tsorata shi. Sauran kuwa da kaɗan-kaɗan ya zo, daga makarantu, da masallatai, da cocin su Madam, da masu sayar da dashe, da 'yan adaidaitar da ke tsayawa a bakin ƙofa. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda muka zata, rumfar bikin ma har yau ba a yi ta ba.

Ranar da aka kayar da maɗacin ina wurin. Da ya kwanta sai ga kogo a cikinsa wanda babban mutum zai shiga ya zauna. Na yi hawaye, na kuma yi hamdala, ban san wanne ya riga wani ba.

Yau gandun yana cika da iyalai ranar Asabar da Lahadi, kuma duk ƙarshen bazara za ka ji ƙarar zarto a sama ana rage rassa. Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, duk abin da ya daɗe yana ba ka inuwa, itace ne ko mutum, yana da haƙƙin ka ɗaga kai ka duba lafiyarsa. Kada ka bari sai ranar da ya faɗi sannan ka zauna shawarar yadda za a yi da shi.