Matsa-Gefe da Hoton Matarsa

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsu ta fari ta zo ta ce tana son hoton mahaifiyarta guda ɗaya, ta rataye a falo don jikoki su san fuskarta. Matsa-Gefe ya ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, gidan mai hoto ta zo.

Tsohon akawun gidan waya ne, irin na da, mai guga har a hankici. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai bin tsofaffin gine-gine yana ɗaukar hotonsu: tashar jirgin ƙasa da ciyawa ta cinye, kotu mai ginshiƙai, silimar da ta koma ɗakin ajiyar siminti. Marigayiya ke riƙe masa jaka da lema. Duk inda suka tsaya, magana ɗaya ce: matsa gefe, kin tare ƙofar. Nan sunan ya samo asali.

Lokacin da ya tashi zaɓen manhajar gyaran hoto, sai ka ce surukin da zai ba 'ya yake tantancewa. Ta farko ya ce tana shafa wa bango hoda kamar mai zuwa biki. Ta biyu tana buga sunanta a kusurwa, ya ce rashin tarbiyya ne. Ta ukun ce ta shiga ransa, don da ɗan yatsa kake goge abin da ba ka so. Ya goge wayoyin lantarki, ya goge awaki, ya goge masu wucewa. In gefen zane ko kafaɗar matarsa ta leƙo, ita ma ya share. Hoton asali kuma ya zubar, wai mai tsabta ba ya ajiye shara.

Yanzu ga 'ya zaune a gefensa, yana ta jan hotuna a kwamfuta. Bango, taga, bango, mataki. Babu ko ɗan tsako. Ya share gumi, ya ce injin ne ke nauyi. Can, a hoton tsohuwar tasha, sai ga inuwar mace a kan bulo, riƙe da lema a kan wani da ba a gani.

"Baba, wannan kam mantawa ka yi ba ka goge ba, ko?"

Ya tura mata hoton. Ta karɓa, ta kai aka wanke shi babba, ta rataye.

Ranar da ya kai musu ziyara, wani baƙo ya tsaya gaban hoton yana tambayar ko wane gini ne. Matsa-Gefe ya miƙe, ya gyara tabarau, ya fara bayanin irin bulon da maginan zamanin da suke ƙonawa. 'Yar ta fito daga kicin da tire.

"Baba, matsa gefe, ka tare Mama."