Famfo Goma Sha Ɗaya da Filayar Baffa Ragib

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma ranar Litinin, uku ga watan Nuwamba, bayan sallar azahar, Baffa Ragib Mujkanović na ƙauyen Brezik ya riga mu komawa. Ya rasu yana da shekara saba'in da tara. An yi jana'izarsa washegari.

Sanarwar da aka liƙa a allon masallaci da jikin turakun lantarki, mai koren gefe, ta ce ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Wata bakwai ya yi a kwance. Gajeruwa ce ga wanda bai zauna a bakin gadon ba. Ta lissafa matarsa Zumreta, da ɗansa Elvedin, da jikoki uku. Ba ta ambaci famfo goma sha ɗaya da ya bari marayu a bakin hanya ba, ga sanyi yana tafe. Ni Belkisa, 'yar ƙaninsa Avdo, malamar falsafa a wata sakandare a Sarajevo, na ga ya kamata in cike wannan gurbin.

Baffa, ka san halinmu. Mutum ya rasu, 'ya'yansa su jawo ruwa daga idon ruwan kan tsauni, su gina famfon sadaka a bakin hanya, su sa a sassaƙa sunansa a dutse. Liman ya yi addu'a, a yanka rago, a ɗauki hoto. Daga nan kowa ya koma wurin aikinsa a ƙasar waje, Graz ko Stuttgart, da zuciya fara, ya bar wa mamacin lada mai gudana. Abin da ba a gaya mana a wa'azi shi ne, lada tana gudana ne ta cikin bututu, bututu kuwa ganye yana toshe shi, sanyi yana fasa shi.

Famfon farko a cikin goma sha ɗayan nawa ne. Mahaifina bai dawo daga yaƙi ba, ba mu kuma samu abin binnewa ba. Da na fara aiki sai na gina masa famfo a kwanar da ke ƙasa da makabarta, don sunansa ya samu wurin tsayawa. Na yi kuka a wajen buɗewa, na koma birni. Sanyin farko ya daskarar da ruwan a ciki, bututun ya tsage. Sai bayan shekara shida na ji labari, kuma ba daga bakinka ba. Ka gyara, ka yi shiru, duk lokacin da na zo na tarar da ruwa yana zuba, na ɗauka nagartar aikin maginina ce.

Daga nawa ka wuce zuwa na maƙwabta. Ba wanda ya naɗa ka, ba wanda ya gode maka yadda ya kamata. Kowane farkon Nuwamba kana bin hanyar nan ta kilomita tara a ƙafa, ka hau zuwa kowane idon ruwa ka kwashe ganye daga raga, ka sauko ka kwance kan famfon, ka bar ruwan yana kwarara, domin ruwan da ke tafiya ba ya daskarewa a bututu. Kawunan kana sa su a tsohuwar kwalbar zuma, kowanne da sunan mamacinsa ɗaure a wuya. A watan Afrilu ka mayar. Inna Zumreta takan ce duk sanyi tana kwana da matattu goma sha ɗaya a kan kantar kicin.

Duk wannan aikin da abu biyu kake yin sa: sufana ɗaya a aljihu, da filayar nan mai naɗewa da ke rataye a ɗamararka, wadda wuƙa da zarto da sukudireba ke ɓoye a cikin hannayenta. Ban taɓa ganinka babu ita ba. Da ita ka ciro ƙugiyar kifi daga yatsan ɗan liman, da ita ka yanke wayar da ta naɗe ƙafar saniyar gwauruwa Fikreta, da ita ka gyara mini firam ɗin tabarau ana saura awa ɗaya in kare digirina. Ranar ɗaurin auren Elvedin ma tana nan a ƙarƙashin kwat, ta tokare shi kamar kana da ƙari a kwiɓi.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin saka maka, kuma a nan na yi kuskuren da har yau gidanmu ba a daina ba da labarinsa ba. Na dawo daga wani taro a ƙasar waje da wata filaya mai baki talatin da biyu. Har da abin goge farce da ƙaramar fitila. Na same ka a tsakar gida, na miƙa maka. Ka mayar da hannayenka baya.

"Ajiye a kan benci, Furofesa," ka ce. "Ba a miƙa wuƙa hannu da hannu."

"Baffa, wannan camfi ne."

"To, ajiye camfin a kan benci."

Ni kuwa, da digirina biyu, na kamo hannunka na danƙa maka. Kwana tara ta yi. A famfon gidan Alagić ka matse wani noti, bakinta ya karye, ƙarfen ya tsaga maka tafi, aka yi ɗinki biyar. Na kira in gaishe ka, ka ce ka gode da kayan kwalliya, na ce ba a koya maka karɓar kyauta ba, muka yi wata huɗu ba ma magana. Inna ta ce miƙawar ce ta jawo. Ni na ce ƙarfen banza ne. Har yanzu ina kan bakana, sai dai tun daga ranar ban sake miƙa wa kowa ko almakashi a hannu ba.

A watan Satumban nan, kana kwance, ka aika aka kira ni. Tsohuwar filayarka, mai shekara ashirin da biyu, ta tsage a gindin baki. Ka ce in je garin Zenica in zaɓo sabuwa, ka kuma karanto mini sharuɗɗa kamar mai ba da wasiyya. Kada in ƙirga bakuna. Wanda ya cika baƙi a gida ɗaya, in ji ka, kowa rabin gado yake samu. In tsinke gashi ɗaya daga kaina in kama shi da bakin filayar, in ya zame, in ajiye. In buɗe wuƙar in danna bayanta a kan katako, in ta naɗe, wata rana a kan yatsa za ta naɗe. In duba ko da noti aka haɗa ta, yadda za a iya kwancewa a wanke a sa mai. Na ƙarshe kuma, in matse da iyakar ƙarfina, in ƙirga ashirin, in gefen hannun ya ci mini tafi, in ajiye.

"Baffa, ai hannuna da naka ba ɗaya ba ne," na ce.

"Na tambaye ki? Gwada da naki."

Na yi awa ɗaya da rabi a shagon. Na tsinke gashi bakwai. Mai shagon ya fara da tambayar ko maigida zan saya wa, ya ƙare da jingina a kanta yana kallona.

"Baiwar Allah, filaya ce fa, ba miji ba."

"Da haka na zaɓi mijin," na ce masa, "da yanzu yana nan."

Wadda na ɗauko ba ta da kyan gani. Baki tara gare ta, ƙarfenta ba ya sheƙi, tana da nauyi. Amma ta riƙe gashin, kuma ta zauna a tafina kamar an auna. Na kawo, na ajiye a kan teburin da ke kusa da gadonka, ba tare da an ce in ajiye ba. Na ga ka lura. Ka ce in buɗe, na buɗe. Ka ce in rufe da hannu ɗaya, na rufe. Ka ce, "Bar ta nan," ka juya ka kalli bango. Na fito ina jin haushi, don na so ko sau ɗaya ka ce na yi daidai.

Ranar jana'izarka maza suka tafi da kai, mu mata muka zauna a gida muna salati da addu'a, aka zaga da kofi da alewar da Inna ta dage sai ita za ta tuƙa. Da yamma, bayan jama'a sun ragu, Elvedin ya zauna kusa da ni ya buɗe wayarsa. Yana son ka, Baffa, kada ka yi shakka. Idanunsa a kumbure suke. Ya nuna mini hoton baƙin dutse mai sheƙi, da rubutun ruwan zinariya, da kan famfo uku.

"Yaya Belkisa, wannan zan yi wa Baba. A mararrabar gari. Babu irinsa a duk yankin nan."

"Yana da kyau. Wa zai cire kawunan a Nuwamba?"

"Waɗanne kawuna?"

Ban ga laifinsa ba. Ni ma sai da na shekara shida kafin in san akwai wannan tambayar. Amma ka duba irin ladan da muka shirya maka: mutumin da ya ƙarar da ƙafafunsa yana gyara famfunan da muka gina muka gudu, za mu karrama shi da na goma sha biyu, mu gudu.

Na ce masa goma sha ɗayan suna nan da kawunansu a jiki, kuma rediyo ta ce ranar Alhamis ta sama sanyin ƙanƙara zai sauko. In ba a kwance su ba, kafin bazara babu ko ɗaya da zai yi rai, har da na mahaifina.

"Sai a ɗauki mai gyara," ya ce.

"Ka san inda idon ruwan Alagić yake? Mai gyaran ma bai sani ba."

Inna Zumreta tana jin mu. Ta tashi ta shiga ɗakinka, ta kira ni. Filayar tana nan inda na ajiye ta wata biyu da suka wuce, kusa da sufana da kwalbar zuma, da wata takarda da ka zana hanyar a kai, kowane idon ruwa da alamarsa. Inna ba ta ɗauko ba. Da haɓa ta nuna mini.

"Ko sau ɗaya bai taɓa ta ba," ta ce. "Ya ce mai ita za ta zo ta ɗauka da kanta. Ya ce in ya miƙa miki, sai kun yi faɗa, shi kuma ba shi da wata huɗu."

Na tsaya a gaban teburin nan fiye da yadda na tsaya a shagon. Na karanta littattafai da yawa a kan 'yancin zaɓi, Baffa, ban taɓa ganin an ɗana wa mutum tarko da ladabi irin wannan ba. Ka sa na zaɓi kayan aikina da hannuna, da gashin kaina, ina tsammanin aike nake yi. Na ɗauka.

Yau Lahadi. Jiya da yau na kwance famfo huɗu. Na fara da na mahaifina, notin ya ƙi, na jiƙe har gwiwa, na faɗi kalmomin da ban san na iya ba. Na uku, ragarsa ta ruɓe, na yanko sabuwa da bakin filayar na ɗaure da waya kamar yadda ka zana. Tafina ya yi kanta, amma ƙarfen bai ci ni ba. Elvedin ya bi ni jiya da takalmin birni, ya riƙe kwalbar. Bai ce ya fasa baƙin dutsensa ba, ni ma ban ce na yarda ba. Na dai gaya masa, duk wanda ya gina na goma sha biyu, ya sayi tikitin zuwa gida kowane Nuwamba na shekara ashirin ya ajiye. Na rubuta wa shugabar makarantarmu cewa ba za ta gan ni ba sai ranar Juma'a. Falsafa ta jira shekara dubu biyu, za ta iya jiran kwana huɗu.

An ce da liman ya tambayi jama'a a gaban gawarka ko sun yafe maka, amsar ta kai har bakin hanya. Ba na wurin, don haka ga tawa: na yafe maka, Baffa, har da kayan kwalliyar. Kai ma ka yafe mini ɗinki biyar, da wata huɗu, da shekara shida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zumreta, wadda ta yi shekara hamsin da huɗu tana busar da safarka a bakin murhu; ga Elvedin da matarsa da 'ya'yansu; ga mutanen Brezik; da kuma iyalai goma sha ɗaya da ke warwatse a ƙasashen mutane, waɗanda yawancinsu ba su san rashin da suka yi ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Allah Ya rubuta maka kowane kurɓi da matafiyi ya sha, da kowace alwala da aka yi a bakin hanyar nan, ko da sunan wani ne a kan dutsen. Ya shayar da kai daga Alkausara, Ya haɗa ka da ƙaninka Avdo a inuwa ɗaya. A can babu bututun da zai nemi hannunka, ka huta. Na nan kuwa saura bakwai, Alhamis saura kwana huɗu, kuma filayar tana ɗamarata.

Amin.