Ba Ni Na Buga Ba

Ranar Alhamis ce, tsakiyar damina. Gero ya fi mutum tsawo. Ƙarfe shida muka yi addu'ar safe a 'yar majami'armu ta ƙasa, a ƙauyenmu can bayan Tsafe. Matata tana Bungudu, ƙanwarta ta haihu.

Ƙararrawarmu ba ta gaske ba ce. Wilin tirela ne, ƙarfen da taya ke zama a kai, rataye a reshen darbejiya. Ni na ɗauko shi tun daga Fatakwal, zamanin ina tuƙi. Baba Ishaku, dattijon majami'a, shi ke buga shi don sujada, sau uku, a hankali. Gwiwarsa ɗaya ta daɗe da ƙin aiki. Da safen nan ma sai da na tsokane shi. Na ce, "Baba, wannan bugu naka ko kaza ba zai tayar ba." Ya yi dariya, ya ce in kawo goro a gyara hannu.

Tun da 'yan bindiga suka fara zagaye yankin aka yi shiri a ƙofar gidan mai gari, mu da Musulmi. Bugu uku, sujada ce. Bugu ba tsayawa, kowa ya faɗa gero. Aka ce wa zai riƙe wannan aiki. Na ɗaga hannu. Gidana ne kusa da itacen, ga kuma baki. Na ce na sha karo da 'yan fashi a hanyar Kurmi, na yi kwana uku ba ruwa a bayan Agadas, wa zai ba ni tsoro a garin ubana? Wanda ya san ni ya san ba na barin labari ya fita ba gishiri.

Ƙarfe tara da rabi ina ƙofar gida ina gyaran injin feshi. Na ji ƙugi daga wajen rafi. Na zaci jirgi ne. Sai ƙugin ya rarrabu, ya zama babura. Na hango na farko ya hauro, mutum uku a kai, bakin bindiga sama.

Tsakanina da darbejiya taku ashirin ne. Tsakanina da gero, goma. Na dubi wilin. Sandar bugun tana jingine a gindin itacen. Ban tuna na yanke wata shawara ba. Na dai tsinci kaina kwance tsakanin kara, bakina cike da ƙasa.

Sai na ji ƙarfen. Ɗaya. Biyu. A hankali, kamar kiran sujada. Sannan ya ɗauka ba tsayawa. Na san hannun. Baba Ishaku ne.

Gero ya fara motsi ta ko'ina. Mata da goyo, tsofaffi, 'yan makaranta. Harbi ya tashi. 'Yan bindigar na ihu: "Ku kwanta!" "Ku koro shanun!" Ni ne mafi kusa, ni kaɗai na ji wani ya ce, "Kai tsoho, ajiye!" Bai ajiye ba. Harbi ɗaya. Bugu biyu suka biyo baya. Daga nan shiru.

Muna kwance har rana ta take. Hayaƙin rumbuna ya rufe mu. Wajen sha biyu baburan suka tafi da shanu. Ba wanda ya koma ɗaukar ko tabarma. Muka bi rafi, ruwa iya gwiwa, har muka fito titi. La'asar muka shiga Tsafe. Wani direba, Malam Sani, ya buɗe bayan motarsa ya ce mu hau kawai.

A cikin motar nan abin ya fara. Limamin garinmu ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Luka, ƙarfenka ya fisshe mu." Na ce, "Mun gode Allah." Ban yi ƙarya ba. Ban kuma faɗi gaskiya ba. Mazan da suka koma binne gawa washegari sun sami Baba a gindin darbejiya. Suka ɗauka gwiwa ce ta hana shi kaiwa gero.

A Gusau wata majami'a ta ba mu tsakar gidanta a Sabon Gari. Sati uku muna nan. Ana zuba mini tuwo a gaba da kowa. Matata ta zo daga Bungudu tana kuka tana alfahari da ni. Inna Saratu, matar Baba Ishaku, kullum da safe ita ke tara mata. Tana kiran sunan kowa cikin addu'a, har waɗanda suka ƙone mu, wai Ubangiji ya juyo da su. Ni kuwa in na rufe ido, bakin nan nawa da ba ya gajiya sai ya ƙi buɗewa.

Ranar wata Asabar Faston majami'ar ya ce gobe zan ba da shaida gaban jama'a, kowa ya ji yadda Allah ya ba ni ƙarfin zuciya. Na ce to.

Da yamma Inna Saratu ta kira ni. Tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Shekara arba'in da ɗoriya nake jin bugun mutumin nan. Ko a barci na san shi."

Na dubi ƙasa.

"Ba faɗa na kira ka ba. Da kai ka tsaya, yau matarka ce ke zaune inda nake. Amma gobe gaban bagadin Allah za ka tsaya, ɗana. Can ba tashar mota ba ce."

Lahadi, ƙarfe goma, na miƙe. Ban taɓa ba da labari gajere kamar wannan ba. Na ce, "Ba ni na buga ba. Gudu na yi. Baba Ishaku ne ya buga, a kan aikina aka harbe shi." Na rasa ta inda zan koma. Sai Inna Saratu ta matsa a benci, ta dafa wurin da tafin hannu. Na zauna. Ta ta da waƙa, mata suka amsa.

Har yau muna Gusau, a ɗaki guda a unguwar Damba. Ina zuwa sujada. Akwai waɗanda gaisuwarsu ta gajarta, ban ga laifinsu ba. Addu'ar ta dawo mini kaɗan-kaɗan, yawanci suna ɗaya ne a ciki.

Mutum biyar aka binne. Huɗu a gona aka same su, nesa da gari. Na biyar, Baba Ishaku, ya haura saba'in. Ni kuwa ƙaya ce ta soke ni a tafin ƙafa, ita ma cikin sati ta warke.